Bulon da Bai Ƙoshi Ba

Akwai wani mutum da kowa a layin ya sani da Ba-Wuya. Sunan ba iyaye suka sa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. In aka ce injin niƙa ya tsaya, sai ya ce ba wuya. In aka ce rijiya ta rufta, ba wuya. Ranar da aka ba da labarin likitan da ya sauya wa wani ƙoda ma, sai da ya gyara zama ya ce in da kayan aiki, ba wuya. Aikinsa na gaskiya kuwa kwaɓa siminti ne. Shekara da shekaru yana bin wani babban magini, yana tura baro, yana miƙa bulo, cokalin gini ba ya shiga hannunsa sai in an ba shi ya wanke. Amma da yamma in ya zauna a bencin mai aski ya fara zuba, sai ka rantse shi ya ɗora duk benayen garin, Ogan nasa kuwa rakiya yake yi masa.

Matarsa tela ce, kuma ita kam ta iya abinta. Sai dai a ɗakin kwanansu take ɗinki, keken a matse tsakanin gado da ƙofa, masu kawo ɗinki su zauna a bakin gado, yara su bi ta kan yadin mutane da ƙafa. Ta daɗe tana burin shago nata na kanta. Da mahaifinta ya ga abin ya yi yawa, sai ya ba ta filin da ke jikin gidansa ta bakin titi, ya sa aka zuba harsashi, ya kuma yi odar wani sabon irin bulo, fari, wanda aka ce ɗakinsa ba ya zafi. Saura magini. Nan ne Tela ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta je ta durƙusa gaban tsohon ta ce a ba mijinta aikin.

Baba ya cire tabarau ya dube ta. "Mijinki? Wannan dai da na sani?"

"Shi, Baba. Ya daɗe a harkar, dama ce bai samu ba."

"Kin tsaya masa?"

"Na tsaya masa."

"To, shagonki ne," in ji Baba, ya mayar da tabarau.

Da ta koma gida ta zaunar da mijin. "Maigida, ban taɓa roƙon Baba komai a kanka ba sai yau. Na ce masa ka iya. Don Allah kar ka sa in kasa ɗaga kai a gidanmu."

"Haba Tela! Bango uku ne fa, na huɗun ma ga shi nan jikin gidan Baba. Wannan ai ko da hannun hagu."

"Da na dama nake so."

Bai ma ji ta ba, ya riga ya yi nisa. A ransa ya gama shagon, ya rubuta lambar wayarsa a bangon gaba, masu gini sun yi layi a ƙofarsa, yana tsaye da hannu a aljihu wasu na tura masa baro. Kafin a kawo bulo ko ɗaya ya aika wa Ogansa cewa ya nemi wani mai kwaɓa siminti, shi ya wuce nan. Sannan ya ari hular kwano ruwan ɗorawa, wadda ta yi masa yawa, tana rufe masa ido in ya sunkuya.

Ranar da mota ta kawo kaya, maƙwabtan Baba biyu suka fito kallo. Ɗaya kafinta ne da shagonsa ke tsallaken titi, mutum mai baki kamar reza. Ɗayan mai askin nan ne, wanda ya gwammace ya bar kai rabi da gashi da a ce abu ya wuce shi.

Direba ya sauko ya ce, "Wane ne maginin?"

"Kana kallonsa," in ji Ba-Wuya, ya tura hula baya.

"To Oga, wannan bulon ba irin wanda aka saba ba ne. Ga buhunan gam ɗinsa nan, da shi ake ɗora shi, kuma siriri ake shafawa. In za a yanka, da zarto. Kar a jiƙa shi. Sannan maganar ƙusa..."

"Malam direba, na taɓa koya maka sa giyar mota?"

"A'a."

"To sauke kaya."

Bulon kuwa dogo ne, ya fi wanda aka saba girma. Ba-Wuya ya ga mutane sun fara tsayawa, sai ya ce bari ya nuna musu yadda ake yi. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ware ƙafa, ya tattara duk ƙarfin da ya tara a shekarun tura baro, ya yunƙura. Bulo ya taso kamar ba komai, ya wuce ƙirji, ya ƙwala wa hular kwano, shi kuma ya yi baya taga-taga ya zauna daram cikin baro. Baro ya ga an hau shi, ya gangara da shi har bakin kwata.

"Sannu Injiniya!" in ji mai aski. "Kai ka ɗauki bulon ko shi ya ɗauke ka?"

"Gwaji ne," in ji Ba-Wuya, yana fitowa daga baro da ƙyar. "Haka ake gwada bulo a manyan wurare. Ku ina za ku sani."

Ya ɓantari gefen bulon ya kai kusa da ido. Cikinsa duk 'yan ramuka ne mitsi-mitsi kamar burodi. Ya girgiza kai irin na wanda ya gano babbar cuta, ya ɗaga murya don Baba, da ke tsaye a ƙofar gida, ya ji.

"An cuci Baba. Bulon nan bai ƙoshi ba. Iska aka sayar mana!"

"Mai sayarwa ya ce haka yake," in ji Baba.

"Baba, ai ba zai ce kayansa na da aibi ba. Duk bulon kirki sai an shayar da shi ruwa kwana da kwanaki kafin ya yi ƙwari, da idona nake gani kullum. Wannan da ƙishirwarsa suka loda shi a mota. Amma ba wuya, zan gyara shi."

Baba ya dube shi, ya dubi bulon, ya shige gida bai ce komai ba. Ba-Wuya ya ɗauki wannan shirun a matsayin yabo. Har ya fara lissafin cewa nan gaba duk wanda aka sayar wa farin bulo a garin, wurinsa zai kawo a shayar masa.

A gefen filin akwai wani rami da aka ɗebi ƙasa, ruwan sama ya cika shi, zurfinsa ya kai ƙirji. Nan Ba-Wuya ya kwashi rabin bulon ya dinga jefawa. Ya jefa na farko, ya juya ɗauko na biyu, da ya waiwayo sai ga na farko a saman ruwa yana lilo. Ya jefa na biyu, shi ma haka. Kafin wani lokaci rami ya cika da farin bulo, duk suna yawo suna gogar juna, ko ɗaya bai nutse ba.

Labari ya zaga layi. Mata suka leƙo ta kan katanga, masu babur suka faka, mai aski ya taho da wanda yake yi wa aski, ƙyalle a wuya.

"Injiniya," in ji kafinta, "gini za ka yi ko kiwon agwagi?"

"Gardama ce irin ta sabon kaya. Yanzu zai san da wa yake yi."

Ya ɗauki shebur ya danna ɗaya ƙasa. Yana sakin shebur, bulo ya ɓullo ta can gefe. Ya ɗora musu katako ya aza duwatsu, katakon ya karkace, duwatsun suka nutse, bulo ya dawo sama. Da abin ya ishe shi, ya ce nauyin mutum suke so. Ya shimfiɗa katakon a kan guda shida, ya naɗe ƙafar wando, ya hau ya zauna, ya harɗe hannu. Abin mamaki, suka ɗauke shi. Suka kuma fara tafiya da shi a hankali zuwa tsakiyar rami, mutane na tafi, shi kuma yana ɗaga musu hannu don ya ga babu yadda zai yi. A tsakiyar ne bulon suka yi shawarar rabuwa, uku suka yi gabas, uku suka yi yamma, katako ya tsaya a tsaye, Ba-Wuya ya tafi ƙasa tsundum. Shi kam bai yi gardama ba, nan take ya nutse.

Hular ce ta fara tasowa, sannan kansa. Kafinta ya miƙo dogon katako ya ce, "Wanne zan fara ceto? Hular dai ta aro ce."

Da aka bar bulon a ruwa ya kwana biyu, ya sha ya yi duhu, ya yi nauyi. Ba-Wuya ya zaga layi yana kiran mutane su zo su ɗaga su ji. Amma wajen fito da shi daga rami bayansa ya kusa karyewa, don haka ya sanar cewa sauran rabin ba sai ya sha ba. Na ƙasa ne ke ɗaukar nauyi, in ji shi, na sama hutawa kawai yake yi.

Sai maganar gam. Ya farke buhu ɗaya, ya dama kaɗan a gwangwani gaban kafinta da mai aski, ya ɗebo da tsinke ya shafa tsakanin wasu ɓaraguzai biyu, ya manna su yana dariya.

"Ku duba don Allah. Wai wannan ɗan shafe-shafen ne zai riƙe bango. Ko takalmi ban yarda ya liƙe ba."

Ya jefar da su ƙarƙashin bencin mai aski. Washegari mai aski ya ɗauko, ya ja, ya murɗa, ya buga a ƙasa, suka ƙi rabuwa. Kafinta ya taka da ƙafa, bulon ya karye ta wani wuri daban, wurin gam ɗin na nan daram.

"Sa'a ce," in ji Ba-Wuya. "Kowa na iya yin sa'a sau ɗaya."

Ya tura buhunan bayan ƙofar Baba, ya kwaɓa siminti da yashi irin wanda hannunsa ya sani, ya dinga zabga shi tsakanin bulo da bulo, kauri kamar tafin hannu. A jiƙaƙƙen bulon na ƙasa simintin ya ƙi kamawa, yana zamewa, sai ya tokare da ƙafa har ya ɗan tsaya. Da ya iso busasshen na sama kuma sai labari ya sauya. Yana zuba siminti, kafin ya juya ya ɗauko bulo, na ƙasan ya zuƙe ruwan tas, simintin ya koma gari-gari.

"Kun gani ko? Ba na ce muku ƙishirwa ke damunsa ba?" in ji shi, ya ƙara sauri, yana ɗorawa a kan busasshen siminti yana bubbugawa da gindin cokali.

Da aka zo wurin taga, ana bukatar rabin bulo. Ba-Wuya ya yi yadda ya ga Ogansa na yi, ya ɗaga cokali ya sara a tsakiya. Bulo ya rabu uku da 'yan kai. Ya ɗauko wani ya sara a hankali, wannan ya rabu biyar. Farin gari ya fara taruwa a ƙafarsa, girarsa ta yi fari.

Kafinta ya tsallako da zarto a hannu. "Ungo, kafin ka mayar da bulon Baba hoda."

"Zarto? Ni ka ga na yi kama da kafinta?"

"A'a, kafinta ai yana da sana'a."

"Ranar da ka ga magini da zarto a hannu, to gini ya mutu. Kowa ya tsaya a layinsa."

Kafinta ya ɗauki bulo ɗaya ya ja zarto, ya raba shi biyu sumul, ya ajiye masa a gaba. Ba-Wuya ya kawar da kai. Don kar a ce ya yi amfani da aikin kafinta, sai ya tsallake waɗannan biyun, ya tattara ɓaraguzansa ya cusa a gefen taga, ya toshe sauran da siminti.

Kullum da rana Tela na kawo masa abinci, ta tsaya tana kallon bangon yana tashi. Daɗi take ji, ba ta ɓoye ba, don tun da suka yi aure ba ta taɓa ganin wani abu da za a nuna a ce mijinta ne ya yi ba. Amma ita mai awo ce, idonta ba ya barin karkace.

"Maigida, anya wannan gefen bai kwanta ba?"

"Titin ne ya karkace, shi ke ruɗin ido."

"Wannan tsagar ta ƙasa fa? Jiya babu ita."

"Gini ne ke numfashi. Ke in kin yi ɗinki ba kya barin wurin numfashi?"

Jikinta ya ba ta wani abu, amma ta riga ta tsaya masa, kuma ta fi son ta yarda. Har ta karɓi ɗinkin kayan makaranta na yara masu yawa, aikin da ɗakin kwana ba zai ɗauka ba, ta ce wa iyayen su same ta a sabon shago kafin a koma makaranta.

Da aka zo rufi, Baba ya kira kafinta. Kafinta ya dafa bangon da yatsa biyu, ya janye hannu da sauri.

"Baba, ni ginshiƙan katako zan kafa daga ciki in ɗora kwanon a kansu."

"Ga bango ka ce ginshiƙi?" in ji Ba-Wuya. "Wannan ai raini ne!"

"Ina da iyali, Injiniya. Ba zan hau wannan ba ko da tsani biyu."

"Tsoro ne da hassada."

"Na yarda, tsoron ya fi yawa."

Baba ya ce a kafa ginshiƙan, bai dubi kowa ba. Ba-Wuya ya bi layi yana faɗa wa mutane cewa shi ya kawo shawarar, don ado.

Sannan ya yi yaɓe, ya rufe duk tsaga da karkace, ya shafa fenti shuɗi. Gaskiya shago ya yi kyau, har waɗanda suka yi dariya a bakin rami suka fara sauya magana. A bangon gaba ya rubuta da jan fenti, BABBAN MAGINI, da lambar wayarsa a ƙasa, harufan sun fi na sunan shagon girma. Saura kantar katako da za a kafa a bango don jera yadi. Kafinta ya kawo ta, ya ce irin wannan bulon ba a buga masa ƙusa haka kawai, akwai abin da ake fara cusawa ya riƙe ta, a jira ya samo. Ba-Wuya ya ce ba ya jira. Ya ɗauko manyan ƙusoshi, ya ɗora ta farko ya ba ta guduma ɗaya, ta shige har kai.

"Ka ga hannu ko?" in ji shi. "Wasu sai sun yi bugu goma."

Ranar buɗe shago aka kawo keke aka kafa a tsakiya. Tela ta jera yadin makaranta a kan kanta, bandir kan bandir, har sama. Iyayen yara suka cika ciki da waje, maƙwabta suka zo taya murna, aka sa wa Baba kujera a bakin ƙofa. Ba-Wuya ya sa hular kwano a kan sabuwar riga, ya tsaya gaban kanta ya fara jawabin da ba wanda ya nema.

"Jama'a, da na bi maganar direba da kafinta, da yanzu ba ma nan. Gini ba a baki yake ba. Bulon nan da yunwarsa ya zo, ni na..."

"Injiniya," in ji mai aski daga taga, "kantarka na gaishe ka."

Kantar ta sunkuyo kaɗan ta bayansa. Ƙusoshin na fitowa a hankali, farin gari na zuba daga ramukansu. Ba-Wuya na juyowa ta ƙarasa, yadi ya zubo masa a ka bandir bayan bandir, ya zauna a ƙasa, hular kawai ake gani. Mata suka yi waje da salati.

Ya fito daga cikin yadin yana huci. "Aikin kafinta ke nan! Katakon banza ya kawo mana!"

Kafinta ya ɗaga kantar ya juya ta gaban kowa. "Ga katako lafiya lau, ga ƙusa ko lanƙwasa ba ta yi ba. Bangon ne ya tofo ta."

"Bangona?"

"Akwai na wani a nan?"

Da Ba-Wuya ya yi shiru a nan, da an mayar da kanta ƙasa, an ci gaba da murna. Tela ma ta kama hannun rigarsa ta ce a hankali, "Maigida, bar shi haka." Amma an taɓa bango gaban Baba, gaban iyayen yara, gaban lambar wayarsa. Ya fizge hannu ya nufi bangon yamma, ya daka masa tafi.

"Wannan bangon? Ko babbar mota ta jingina da shi sai dai ita ta lotse. Ku matsa ku gani!"

Mutanen da ke waje ta wannan gefen suka matsa, don sun san shi. Ya ja baya har jikin keke, ya sunkuyar da kafaɗa, hula ta rufe masa ido, ya taho a guje.

Bangon bai ma yi ƙara sosai ba. Ya kwanta waje gaba ɗaya, Ba-Wuya a kansa, rub da ciki a bakin titi. Bangon gaba ya ɗan yi jim, ya ga abokinsa ya tafi, shi ma ya bi, BABBAN ya faɗi gefe, MAGINI ya tarwatse. Ɗan guntun da ke riƙe da ƙofa ne ya rage, shi ma da ƙofar ta buɗe sai ya zauna. Rufin kwano na nan tsaye a kan ginshiƙansa, keke a ƙarƙashi, Tela a tsaye kusa da shi. Bulon kuwa kowanne ya rabu da ɗan'uwansa tsaf, simintin ya ɓare daga jikinsa kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

Da aka ga ba wanda ya ji ciwo, dariya ta ɓarke. Mai aski ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki, masu babur suka dinga danna ham, wata mata ta ce a tattaro lambar wayar, tana da katangar da take so a rushe.

Baba ya tashi daga kujera. Ya ɗauki bulo ɗaya da hannu ɗaya, ya hure ƙurar, ya juya shi. "To, alhamdu lillahi, bulon dai yawancinsa na nan. Buhunan gam ma na bayan ƙofa." Ya dubi kafinta. "Gobe a nemo mana magini."

Bai ko dubi Ba-Wuya ba. 'Yarsa ya duba, duba ɗaya, ba faɗa a ciki, sai tausayi. Tela ta sunkuyar da kai ƙasa, kuma ba ta ɗago ba har tsohon ya shige gida. Ba-Wuya na kwance a kan bulo ya ga wannan. Faɗuwar ba ta yi masa zafi ba, dariyar ma ya saba da ita, amma wannan kan da ya sunkuya ya shige shi har ƙashi. Ya tashi ya karkaɗe riga.

Dariyar ta mutu da kanta, kowa ya koma kallon Tela. Ba ta yi kuka ba. Ta tsince yadin ɗaya bayan ɗaya, ta kakkaɓe, ta ce wa iyayen yara kayansu za su fito a ranar da ta faɗa. Ta zauna a keke ta zura zare. Rana ta riga ta juya yamma, tana dukan fuskarta kai tsaye ta inda bangon ya faɗi, ga 'yan kallo cike da titi. Ta kare ido da hannu, ta kasa ganin ramin allura. Sai ta tashi, ta jawo babban zanen gadon da aka lulluɓo keken da shi, ta warware, ta miƙa wa mijinta gefe biyu.

"Maigida, tunda ka sallami Oganka, ba inda za ka yau. Ni na durƙusa na ce wa Baba za ka yi mini bango, kuma ba zan zama maƙaryaciya a gidanmu ba. Tsaya nan. Ɗaga hannu. Ƙara sama."

Ya tsaya a kan harsashin, ya ware hannu, zanen ya sauka har ƙasa, inuwa ta rufe keke. Ta koma ta zauna, zare ya shiga. Can daga tsallake mai aski ya ce wannan kam ya fi na ɗazu miƙewa. Ba-Wuya ya leƙo ta saman zanen, ya share murya.

"Tela, ai in kin duba da kyau, matsalar daga..."

"Bango ba ya magana," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

Ta taka keke. Shi kuma ya rufe baki, ya gyara riƙo, yana nan tsaye har rana ta faɗi.